Kifin da Na Gasa wa Mazan Unguwa

Ni ban tashi na ga ana gasa kifi a gidanmu ba. In kifi ya samu, soya shi ake yi har ya yi ƙarau, ko a sayo busasshe a marmasa a miyar kuka don a ji ɗuriyarsa. Gashi na masara ne da tsire. Da girmana na koyi gashin kifi, ina malamar firamare a ƙauyenmu da ke gefen Makoda, da 'ya'yana mata biyu, kuma ba don marmari na koya ba. Ciwon maigidana ne ya koya mini.

A shekarun nan ne da kwanon masara ya fi ƙarfin mai albashi, balle manomin da rumbunsa ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Mata suna bin bakin gonaki suna tsinkar tafasa, su dafa su kwaɗa da ɗan ƙuli, a ci a kora da ruwa. A cikin wannan hali Malam, haka nake kiran maigidana, ya fara ciwon kai. Ciwon ƙeya, mai sa shi ya dafe wuya in ya ɗago daga noma. Ya sha saiwa, ya sha rubutu, ya ce rana ce. Sai da ya yi jiri a bakin rijiya, guga ya suɓuce masa, sannan na samu na ja shi asibiti a Bici, yana tafe yana mita kamar ni na ɗora masa ciwon.

Ma'aikaciyar jinyar ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Baba, da ƙafarka ka shigo nan?" Hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Aka ba shi ƙwayoyi, sannan ta juyo gare ni, don ta san inda tukunya take. A janye gishiri, a bar dunƙulen magi, a bar soye-soye da man da ke kwanciya a saman miya. A ba shi ganye, a ba shi kifi, amma gasasshe. Ta nuna mini wani hoto a bango: wasu mutane, miji da mata da yara, sun kewaye tebur suna dariya, a gabansu yankan wani kifi mai jar tsoka, wai salmon sunansa, na ƙasashen sanyi. Na ce mata, "'Yar nan, mu da karfasa ma sai an yi da gaske." Ta yi dariya ta ce karfasar ma ta isa, in dai za a dage.

Dagewa kuwa na dage. Akwai mai kifin da yake zuwa a babur daga wajen dam ranar kasuwa da kuma tsakiyar mako. Na daina hawa acaɓa zuwa makaranta, na koma takawa. Zabbin da nake kiwo suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ban yi baƙin ciki ba, lafiya uwar jiki.

Gashin ne ya ba ni wuya da farko. Na ɗora a kan waya bisa garwashi, fata ta ƙone, ciki ɗanye. Sai na tuna yadda muke gasa kek na biki. Na zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunyar ƙarfe, na ɗora a murhu har ya yi zafi. Kifin kuma na kankare ɓawonsa, na wanke da lemon tsami don ƙarni ya fita, na tsattsaga jikinsa. Na daka tafarnuwa da ɗanyar citta da masoro da ɗan attaruhu, na cusa a cikin tsagar, na shimfiɗa albasa da tumatir a tasa, na kwantar da shi a kai. Tasar ta hau kan yashi, murfi ya rufe, na zuba garwashi a kan murfin. Wutar kara ba ta da haƙuri, yanzu ta tashi yanzu ta mutu, dole in tsuguna a gabanta ina tura kara ɗai-ɗai, hayaƙi yana cin idona. Amma in na buɗe, tsokar ta yi fari tas, ruwan albasa ya ratsa ta, ko gishirin ba ka nema sosai. Na yi alfahari da kifin nan, ba zan ɓoye ba. Ina haɗa masa da dafaffen zogale da ɗan tuwon dawa.

Burina shi ne mu zauna mu ci tare, mu huɗu, yaran ma su saba da cin abin da ba a cika wa gishiri ba. Malam ya ce Allah Ya kiyaye, shi bai taɓa tauna a gaban 'ya'yansa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ban yi mamaki ba. A unguwarmu maza ciyayya suke yi. Da an idar da magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurenmu, a buɗe kwano ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a janyo na gaba. Ubansa a nan ya ci, kakansa ma a nan ya ci.

Sai muka yi yarjejeniya. Zan kai masa kifinsa turaka, ɗakinsa da ke jikin zaure, ya ci ya ƙoshi kafin ya fita. Kwanon tuwo da miya irin ta kowa kuma zai fita da shi waje, ya ɗan taɓa don kada a ce ya ƙi. Ya ce ya yarda. Ya kuma kafa mini sharaɗi ɗaya: kada kowa ya ji yana da ciwo, ko da yayansa ne. Na ɗauka girman kai ne irin na maza, na ce to.

Haka muka ci damina. Ranar kifi nakan yanke kai da jela in ba yaran, su tsotse har ƙaya, ni in lashi ruwan tasa da tuwo, tsakiyar gaba ɗaya ta tafi turaka. Da safe in ɗauko tasar fes, ƙayoyi a gefe a jere. In ce, "Malam, ya yi daɗi?" Ya ce, "Allah Ya yi albarka." Ciwon kan bai tafi ba. Na zargi ƙwayoyin, na zargi rana, na zargi tunanin taki da ya gagara saye. Ban taɓa zargin mutumin da yake ce mini Allah Ya yi albarka ba.

Wata ranar Asabar ina tankaɗe, maƙwabciyata ta yi sallama. Danga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu. Ta zauna a kan turmi, aka gaisa, sai ta ce, "Malama, wurinki na zo. Ki rufa mini asiri ki koya mini gashin kifin nan naki, maigidana ya hana ni sakat."

Na ce, "Wane kifi?"

"Kifin da kike aika musu wurin ciyayya mana. Ai ranar da ƙanshin ya tashi, tun la'asar yake cewa kada in wahalar da kaina da miya. Wai tsokar har narkewa take a baki. Sai dai ya ce hannunki bai cika kai gishiri ba, shi ya sa yake fita da ƙullin gishiri da yaji a aljihu."

Ban san lokacin da rariyar ta sauka daga hannuna ba. Na ce, "Shi Malam ɗin yana ci?"

"Wa? Malam? Ai cewa yake shi ya gaji da kifi, ku a gidanku ya zama ruwan sha. Tura musu yake yi." Ta yi dariya. "Kin ji masu albashi."

Na koya mata. Na gaya mata yashi, na gaya mata garwashi a kan murfi, bakina yana magana zuciyata tana tafasa. Tana fita na zauna a ƙasa dirshan. Na tuna tafiyar ƙasa da na sha cikin taɓo, na tuna ƙaramar 'yata tana juya kan kifi tana neman abin da za ta ƙara tsotsa, ta kalli tasar babanta ta kawar da kai don na hana ta ko kallo. Ashe ƙattin unguwa nake yi wa bauta. Masu gemu, masu jikoki, sun zauna sun barbaɗa gishirinsu a kan maganin mijina sun lashe, har da ƙorafin hannuna bai kai ba. A cikinsu duka ba wanda ya ce, anya, me ya sa matar da miyarta take da gishiri kullum, kifinta ba shi da shi? Ciki ya toshe musu tunani.

Malam ya dawo daga gona da yamma, ya zauna yana wanke ƙafa. Na kori yaran zuwa gidan kakarsu. Ban yi masa sannu da zuwa ba, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Malam, a ƙarƙashin riga kake fitar da shi, ko ta taga?"

Ya tsaya da zuba ruwa. Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ƙayoyin da kake jera mini a tasa, daga bakin wa kake tsinto su?"

Ya ajiye butar. Ya ce, "Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. Ke kina tsammanin ƙanshi yana sanin danga? Ranar da kika ɗora tukunyar nan, har masallaci ake jin ta. In shige ɗaki in rufe ƙofa in cinye, in fito ina sakace, in ajiye musu tuwo da kuka? Da wane ido zan kalle su? Akwai wanda a cikinmu gidansa ba a hura wuta ba kwana da kwanaki. Kwano yake fitowa da shi a rufe, mu duka mun san gaya ne a ciki, ko ma ba komai, ba mai buɗewa. A tabarmar nan yake samun abin da zai kwana da shi. Wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

Na ce, "Wanda ya ci da jama'a kuma, da jama'ar ake binne shi? In ka faɗi, su za su riƙe mini yaran nan?"

"Allah ne zai riƙe su."

"Allah bai ce ka ɗauki maganinka ka raba sadaka ba! To ka gaya musu gaskiya mana. Ka ce likita ya hana ka gishiri. Ciwo abin kunya ne?"

Ya girgiza kai. "In suka sani, ba mai sake sa hannu a kwanona. Kuma duk wanda na ƙi taɓa nasa, zai ce don miyarsa ba ta kai ba ne. Ki bar ni da mutanena."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don na san miyar da yake nufi. Miyar shekarun nan ba nama, ba wake, ba isasshiyar daddawa. Ruwa ne da kuka, sai a danna gishiri da dunƙule da kanwa don harshe ya samu abin kamawa. Gwargwadon talaucin gida, gwargwadon gishirin miyarsa. Malam kuma, da halinsa, kwanon da ya fi kowane rauni shi yake fi zurma hannu a ciki, yana yabawa, don mai shi ya ji daɗi. Wato kullum yana ba da abin da zai raya shi, yana karɓar abin da zai kashe shi, yana kuma godiya.

Na ce zan je in faɗa wa yayansa. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "In kika faɗa, ban yafe ba." Mace ta san nauyin wannan kalmar a bakin miji. Ban je wurin yayan ba.

Daga ranar ba abin da ban gwada ba. Na tsaya a kansa a turaka na ce sai ya ci a gabana. Ya ci loma biyu, ya rufe tasar, ya ɗauka ya wuce ni ya fita da ita a fili, tunda asiri ya riga ya tonu. Na gasa da hantsi ranar da ba makaranta na bi shi da shi gona, ya kira masu noma a gonar gefe. Na yi fushi na daina gasawa, sai na ga ko loma biyun ma ya rasa, na koma. Har toshe bakin murfi na yi da tsumma don ƙanshi kada ya fita, kamar mai dafa abin sata a gidan aurena. Ƙanshin ya fita abinsa. Ina daga tsakar gida ina jiyo su, ana buɗe tasa ana cewa, "Kai, Malama ta sake yi!" Wani har ya ɗaga murya yana sa mini albarka. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba.

Da kaka ya faɗi. Ana girbin dawa, ya sunkuya zai ɗaure dami, bai ɗago ba. Ina aji aka aiko. Kafin in iso sun sa shi a a-kori-kura sun nufi Bici, su ɗin dai, mutanen tabarma. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun kwana a barandar asibiti. Sun yi gayya sun ƙarasa girbin, sun kai dawar rumbu ba zangarniya ɗaya da ta ɓata. Mutumin nan mai rufaffen kwano shi ya riƙa ɗaukar Malam a baya zuwa banɗaki. Duk na gani. Kuma duk da haka in na kalle su sai in ji kamar in watsa musu ruwan zafi, ga shi ba wanda zan nuna in ce kai ne. Da mugu ne ya yi mini wannan, da na san inda zan kai ƙara.

A asibitin suka ji komai daga bakin likita, har da zancen gishiri. Yayan Malam ya same ni a bakin ƙofa, ya ce, "Haba Malama. Ke da kike da ilimi, me ya hana ki gaya mana?"

Na ce, "Yaya, ƙaninka yana ciki, ka shiga ka tambaye shi. In bai iya amsawa ba, ka tambayi wanda yake zuwa da gishiri a aljihu." Ya sunkuyar da kai. Ban ba shi haƙuri ba, har yau kuma ban ba shi ba.

Da aka sallamo mu, Malam ya koma ɗakina, don turaka ta yi nisa da ni. Da yamma mukan fito da shi tsakar gida, mu jingina shi da bango a kan tabarma. Magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya, biyu, sai ka kasa kunne. Maza kuwa ba su fasa ciyayya a ƙofar zaurenmu ba. Sun ce in suka tashi daga nan, kamar sun binne shi da rai ne.

Ranar da mai kifi ya fara zuwa bayan dawowarmu, na sayi karfasa babba. Na gasa ta a nutse, ban toshe murfi ba. Da aka yi magariba na ajiye tasar a gabansa, na kira yaran suka zauna, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Mu huɗu a tabarma ɗaya. Na zare ƙaya, na murmushe tsokar da yatsuna, na haɗa da zogale, na kai bakinsa.

Bai buɗe ba. Idonsa yana kan hanyar zaure. Daga can ana jiyo motsin kwanuka da muryoyi ƙasa-ƙasa, ba dariya irin ta da.

Na ce, "Malam, buɗe."

Leɓensa ya yi ta rawa kafin abin ya fito. "Kai... musu."

Na ce, "Wallahi ba zan kai ba."

Ya rufe bakin ya kawar da kai. Babbar 'yata ta ce, "Baba, don Allah." Ko kallonta bai yi ba. Na sake kai lomar, ya datse haƙora da ɓarin da yake da ƙarfi. Mutumin da ba ya iya riƙe buta, ba ya iya korar ƙuda daga fuskarsa, amma wannan ɗaya ya iya. Muka zauna haka, kifin yana hucewa, hawaye yana bin gefen bakinsa da ya karkace, ni kuma ina jin kamar ƙirjina zai fashe don haushi. Na san shi. Zai kwana da yunwa, gobe ma haka.

Na ɗauki wuƙa na raba kifin biyu. Na sa mayafi, na ɗauki rabin a wata tasa da kaina, na ratsa zaure. Suna ganina suka janye hannu daga kwanuka. Na dire tasar a tsakiyar tabarma da ƙarfin da sai da murfin ya yi tsalle.

Yayansa ya ce, "Malama, ki mayar masa. Ba mai iya cin wannan a cikinmu."

Na ce, "Za ku ci. Ya ce ba zai buɗe baki ba sai kun ci. Ku yi bisimilla da ƙarfi yadda zai ji, ba ni da lokacin tsayawa."

Na juyo na bar su. Ina isa tsakar gida na ji muryar yayan nasa, ya yi bisimilla, sauran suka bi. Malam ya lumshe ido. Na tsuguna na ɗebo lomar da ta riga ta yi sanyi, ban ce masa komai ba don na san abin da zai fito daga bakina ba alheri ba ne. Ya buɗe, ya tauna a hankali da gefe ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, ya sake buɗe mini baki.